Ruwan Da Ya Ƙi Fita

Muntaka ya cusa allura a ramin feshin ruwan wanke gilashin motar ya juya, sai ta karye. Allura ta uku ke nan.

Motar ba ta da sauran amfani, kowa ya sani. Doguwar tsohuwar mota ce ta haya, ƙofar direba ta shige ciki har kan kujera inda ta daki bishiya. Duk da haka Muntaka ya sa an jawo ta da sarƙa daga hanyar Kiyawa zuwa garejinsa a Yalwawa, ya kori duk wani aiki. Masu wucewa suna cewa bakanike ya taɓu. Bai kula su ba.

Motar ƙanensa ce, Hussaini, autan gidansu. Kwana tara da suka wuce, da rana tsaka bayan an ɗauke ruwan sama, wata tirela ta watsa masa taɓo a gilashin gaba. Fatsuma, matar da ke zaune a gaba ta kuma tsira, ta ce Hussaini ya ja hannun feshi sau biyu, waifa ta shafe taɓon ta rufe gilashin ruf, ya ce, "Ruwan ya ƙi!" Maganarsa ta ƙarshe ke nan.

Abin da ke cin Muntaka kuwa, kwana uku kafin nan Hussaini ya kawo masa motar ya ce feshin ya yi rauni. Muntaka yana saurin tafiya masallacin Juma'a, ya tsikara ramukan gaba da allura, ruwa ya ɗan tsarto, ya ce masa je ka. A gaban Dada, mahaifiyarsu, Hussaini ya ba da labarin yana dariya.

Tun ranar jana'iza Dada ba ta dubi fuskar Muntaka ba. In ya durƙusa ya gaishe ta, bango take amsa wa. Tsohuwar nan da ma rayuwarta Hussaini ne. Kullum da safe in ya ɗaga bonet a ƙofar gida ya tafi neman shayi kafin inji ya ɗumama, tana nan tsaye gefen motar da butarta, bakinta na motsi. Ko a bara da aka ƙaddamar da shari'a, ya tara gemu ya tsinke layar da ta rataya masa a madubi, kuka kawai ta yi, ba ta yi fushi da shi ba. Shi Muntaka ne yau ba shi da uwa alhali tana raye.

Don haka ya rantse sai ya gano abin da ya hana ruwan nan fita.

Ya fara da fis ɗin wuta, lafiyarsa ƙalau. Ya jona batir, ya ja hannun feshi, ya kasa kunne: famfon yana gurnani, wato wuta na zuwa. Ya bi tiyo da yatsa tun daga tanki har ƙarƙashin bonet, babu inda ya lanƙwashe, babu inda ɓera ya ci. Ya cire shi ya sa baki ya hura har jijiyar wuyansa ta tashi. Ko iska ba ta wuce ba.

Sai ya zagaya baya. Feshin gilashin baya bai taɓa sa masa hannu ba tun da aka sayi motar. Ya zare dogon tiyon da ke bi ta rufi, ya yanka da reza. Kai! A toshe yake shi ma, da wani baƙin abu mai danƙo.

Gaba da baya ba sa toshewa tare sai in daga tanki matsalar ta taso. Ya kwance tankin ya kifa shi a kan faranti. Ruwa mai launin toka-toka ya zubo, sannan wani baƙin abu kamar laka ya biyo baya a hankali, yana kama yatsa kamar ƙaro. Ba ƙasa ba ce, ba sabulu ba, ba tsatsa ba. Shekara ashirin yana aikin mota bai taɓa ganin irinsa ba. Kuma yadda ya taru hawa-hawa, ba zubi ɗaya ba ne, an daɗe ana yi.

Wani ne ya zuba. Muntaka ya zauna a ƙasa yana huci, yana jero direbobin tasha ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ke jin haushin farin jinin Hussaini a wurin fasinja. Wallahi har wani sanyi ya ji a ransa. Yana da laifin gaggawa, ya yarda, amma akwai hannun maƙiyi, kuma Dada za ta gani da idonta.

Ya ɗura lakar a ƙaramar kwalba, ya nufi gida ko hannu bai wanke ba.

Ya same ta a kan tabarma tana jan carbi. Ya durƙusa, hannunsa a aljihu riƙe da kwalbar.

"Dada, na duba motar. Na zo in nuna miki..."

"Me za ka nuna min?" Karo na farko ta ɗago ta dube shi, idonta jawur. "Kai da aka ba ka amanar ɗan'uwanka ka tsikara allura ka wuce? Ni na yi nawa, Muntaka, Allah shaida ne. Tun da yaron nan ya ce rubutu bidi'a ne ya daina sha, ban fasa karɓo masa ba. Na ce malam ya cika tawada ya yi kauri, kuma shekara guda cur, duk safiyar Alhamis, da hannuna nake juye shi a tankin wanke gilashin nan don Allah ya haska masa hanya."