Takalmin Wani a Ƙofar Masallaci

Tun da aka hana takalmi mai tudun dunduniya, kowa a Gumel shimfiɗaɗɗe yake sawa, irin mai koya wa ƙafa tafiyarta ta asali. Duk kamarsu ɗaya, shi ya sa ƙofar masallaci ba ta rabo da rigima.

Bayan La'asar, Alhaji Barau ya zura na wani bai sani ba. Niyyarsa ya biya kasuwa ya sayo wa Hajiya daddawar miya. Taku uku, takalmin ya kwashe shi da gudu. Ashe na wani ɗan tsere ne.

Ya wuce rumfar daddawa fuu, tumbi na rawa, hula a hannu.

"Alhaji, lafiya? Gobara ce?" in ji mai daddawa.

"Ku tare ni, jama'a! Wallahi ba ni ba ne!"

Sai da suka zagaya filin ƙwallo sau huɗu takalmin ya tsaya. Alhaji ya zube yana haki, ya tuɓe shi ya yi jifa da shi. Ya rantse da ƙafar da Allah ya ba shi zai koma gida.

Ya miƙe. Ya dubi ƙafar dama, ya dubi ta hagu. Har aka kira Magariba yana nan tsaye, yana jiran ɗaya ta fara takawa da kanta.