Dusar Gidan Morioka

"Wannan ba naku ba ne," in ji baƙuwar, tana tauna kokwambar ɗanɗano.

Tsohuwa Fumie ba ta ɗago kai ba. Tun safe baƙi ke cika rufaffiyar kasuwar, su ɗanɗana, su ɗauki hoto, su wuce.

Shekara tamanin gidansu Fumie, gidan Morioka, na tsima kokwamba a ganga ɗaya ta dusar shinkafa, wadda sai an juya da hannu kullum. Bara Fumie ta kwanta asibiti, dusar ta ruɓe. Yanzu kokwambar kamfani take sarowa. Ƙarshen wata za ta rufe rumfar.

"Iya, yau an kama ki!" in ji maƙwabcinta mai kifi.

"Kai dai kori ƙudajenka. Ke kuma 'yan mata, in ba saye za ki yi ba, matsa."

Baƙuwar ta ciro kwalba daga jaka.

"Daga Brazil nake. Kakata, yayarki Sumi, ta ɗebi dusa tafi guda a gangarku ranar da ta hau jirgin ruwa. Ba mu taɓa fashin juyawa ba."

Fumie ta buɗe, ta shinshina.

"Yau kin juya ta?"

"Tukuna."

Fumie ta naɗe hannun riga.