Hoton da Ya Ƙi Fitowa

Malam Maiwada ya ɗaure akwatin kyamara a bayan keke da robar taya, ya kwantar da ƙafafunta uku a jikin sandar keken, sannan ya shafa turare har bayan kunne. Duk Funtuwa shi kaɗai ya rage mai irin wannan kyamara: katako ce, mai wuya kamar zugazugin maƙera, da baƙin zanen da mai hoto ke cusa kansa a ciki. 'Yan acaɓa sun sha tambayarsa ko ƙaura yake yi.

Hanyar Mahuta ba ta san girman dattijo ba. Wani rami ya cilla keken sama, akwatin ya yi ƙara, amma Malam ko waiwayawa bai yi ba. Hularsa ya dafe, don sabuwa ce.

Hajiya Ummukulsum mai man gyaɗa ce ta aika a kira shi tun farkon damina. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ta ce babban hoto take so irin na da, ba na waya ba, wanda kowa ke fitowa kamar an firgita shi. To, tun daga ranar hoton ya ƙi fitowa. Yau haske ya yi yawa, wani makon ta ƙifta ido, na gaba akuya ta gifta. Masara ta yi goyo, ta bushe, aka girbe, Malam yana nan yana jigilar akwati duk mako, Hajiya kuma ba ta taɓa ƙorafi ba.

Yau kuwa babu sauran "sai wani makon". 'Yarta Rukayya ta ce zaman kaɗaicin ya isa, gobe za ta aiko mota a kai ta Zariya. Tunanin haka ya sa har sai da Malam ya sauka ya tura keken a hawan da ya saba hayewa yana fito.

Ya tarar da Hajiya a inuwar mangwaron ƙofar gida, cikin wata sabuwar atamfar, hannu ya sha lalle. Garin kafa kyamara ƙafarta ɗaya ta zame. Hajiya ta miƙa hannu ta murɗa kusar, ba ta ma katse gaisuwa ba.

Malam ya cusa kai cikin zane. Ga ta nan a jikin gilashi, kai a ƙasa kamar yadda irin wannan kyamara ke nuna mutum, tana murmushi. Ya matso da wuyan kyamarar, ya mayar da shi, ya sake matso da shi. Ya daɗe a ciki kamar kullum, gumi na bin gemunsa, baƙin ciki ya cika masa ƙirji.

Daga cikin zanen ya ce, "Hajiya, ina jin gajimaren nan zai ɓata mana aiki."

Hajiya ta ɗaga kai. Sama fes take, ko ɗigon gajimare babu.

"Malam Maiwada, fito da kanka daga zanen nan, kallon ya isa haka," in ji ta. "Yayana Isah yana zaure, na gaya masa kana tafe da magana. A da ni ce mai wanke hotuna a shagon marigayi mijina, tun ranar farko na san babu fim a cikin akwatin nan."