Kwakwa ta Bakwai

Da baƙuwar ta fara ƙirga itatuwan kwakwa, tsohon ya tsargu. Haka wasu suka yi a tsibirin da ke kusa da nasu. Sun zo da hula da kyamara wai yawon buɗe ido, suka ƙirga itatuwa, kafin shekara ta zagayo otal ya cinye gaɓar, masunta suka rasa wurin ɗaure kwale-kwale.

Ita ma wannan, tun da ya sauke ta daga kwale-kwalensa ba ta kalli teku ba. Ya nuna mata kangon tsohon masallaci, ko hoto ba ta ɗauka ba. Rijiya kawai take tambaya.

"'Yata, wa ya aiko ki?" ya ce. "In ƙasarmu suke so, ki gaya musu ko taku ɗaya ba ma sayarwa."

"Ba wanda ya aiko ni, Baba."

"Duk haka kuke cewa. To ƙirgar ta mece ce? Babu kwakwa ne a garinku Mombasa?"

Daga bakin rijiyar ta ci gaba da ƙirga: biyar, shida. A ta bakwai ta tsaya cak. Kututture ne kawai.

"Kafin mahaifiyata ta rasu, ta ce a nan aka binne cibiyata, aka dasa kwakwa a kai, ta bakwai daga rijiya. Wane marar imani ne ya sare ta?"

Tsohon ya dubi hannuwansa. Shekara talatin yana share gindin kwakwar nan, yana jiran ƙanwarsa ta dawo da jaririyar da ta tafi da ita. Bara ne ya fid da rai, ya ɗauko gatari.