Ruwan da Ba Mai Ɗiba

Ina ƙarama Kaka ta zo mana garin Sevran, can ƙasar Turawa, daga Damagaram. Wata Lahadi da la'asar na raka ta yawo bakin kanal, wani dogon rafi da aka haƙa, don hanyar a shimfiɗe take, ba ta wahalar da gwiwa. Ina ta nuna mata agwagi da manyan itatuwa, ita ko ruwan kawai take kallo.

Can ta tsaya, ta dafa kafaɗata.

"Ke, duk wannan ba mai ɗiba?"

Na ce, "Kaka, na kallo ne."

Sai ta tura hannu ƙarƙashin kallabi, ta shafa tsakar kanta, inda gammo ya cinye gashi tun tana budurwa.

Har yau in na bi hanyar nan, nauyin ruwan nake ji a wuyana.