Teburin Bakin Taga

Da la'asar sakaliya Baba Fulvio ya zauna a teburin bakin taga, kamar jiya, kamar bara. Farar kwat, agogo mai ruwan zinariya, da jaridar Italiya da ta fara ja don tsufa. Ba wanda ya tambaye shi abin da zai ci. Aka ajiye masa taliya da kofin wani jan abin sha. Ya soka cokali, ya juya, ya dubi titi.

Masu wucewa sukan ce duk garin Malindi na gaɓar tekun Kenya babu gidan abincin da ya yi dacen abokin ciniki mai amana irin wannan. Ko ruwa ake, ko rana, bai taɓa fashi ba, bai taɓa makara ba. Illar kawai ita ce, cikin tebur goma sha da ke gidan abincin Ngumbao, na Baba Fulvio ne kaɗai ake gogewa da dalili.

Ngumbao a ɗakunan girkin Italiyawa ya yi ƙuruciyarsa, zamanin da jirgi ke zubo su kamar fara. Ya koyi murza ƙullu, ya koyi faɗa da hannuwa. Da ya samu hali sai ya kama haya, ya gina ƙaton tanderun fiza a tsakiyar ɗakin, da bulo da siminti, har sai da aka fasa rufi don hayaƙi ya samu hanya. Mai gidan hayar ya yarda, da sharaɗin ranar da zai fita ya mayar masa da wurin yadda ya same shi. Siminti na bushewa, Italiyawa suka gano ashe wasu ƙasashen ma suna da teku.

Garin bai mutu ba, baƙin ne suka canja. Yanzu 'yan Nairobi ne ke cika bakin ruwa, mota-mota, da surukai da jikoki. Suna da kuɗi, kuma suna son su ga kuɗin ya yi tudu a faranti. Tsallaken titi, layin mai shinkafar pilau da gasasshen akuya har ya karya kwana.

Wata doguwar mota ta tsaya. Wani mai tumbi ya fito da matarsa da yara, suka nufo ƙofa. Ngumbao ya gyara wuyan riga. Baba Fulvio ya ɗaga kofi, ya yi murmushi, ya sumbaci yatsunsa kamar wanda ya ɗanɗani abincin aljanna.

Mai tumbi ya ja birki.

"Uwar yara, juya. Kin ga Bature? Inda suke ci, faranti kamar tire, abinci kamar maganin ɗigawa a ido, kuɗi kuma na asibiti."

"Dubi ramarsa ma, bawan Allah," in ji matar. "Da abincin na ƙosarwa ai da an gani a wuyansa."

Suka tsallaka titi.

Nyevu, matar Ngumbao, tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu.

"Baban Sidi, yau dai da kunnenka ka ji. Ko ka tashi tsohon nan daga taga in ɗora tukunyar pilau a bakin ƙofa, ko mu rufe kafin baƙin bana su koma."

"Ina zai je? Ɗan'uwansa na ƙarshe a can Italiya an binne shi. Fasfonsa ma ya riga shi mutuwa."

"Mu fa, ina za mu? Cikin tanderun naka? Ai kuwa akwai fili."

Ba wai Ngumbao bai gwada ba. Ya sauya kiɗa. Ya rubuta a allo cewa akwai tuwon masara. Amma mutane sun fi karanta taga a kan allo. Ya taɓa mayar da tsohon teburin baya, sai ya ga Baba Fulvio a teburin baya ba shi da amfani ga kowa, har da kansa. Fita ba ta fituwa, zama kuma ba ya zaunuwa.

Ya ja kujera ya zauna gaban tsohon. Baba Fulvio bai ɗauke ido daga titi ba, murmushin ma bai sauka ba. Ta gefen baki ya yi magana.

"Na ga sun juya. Sumbatar yatsun ce ta yi yawa, ko? Gobe zan rage."

"Ba ita ba ce, Baba."

"To a ba ni tuwon. In naɗe hannun riga in ci da hannu, har da tanɗe yatsu. Na iya, ka sani."

"Ba cin ba ne." Ngumbao ya dubi tanderu, don shi ba ya kallon mutum. "Fuskar ce."

"Ita kam ba ni da wata," in ji tsohon.

Ƙamshin akuya ya tsallako titi ya shigo ba sallama, ya zagaya teburan, shi ma bai zauna ba.

"Gobe ka huta, Baba. Jibi ma."

Baba Fulvio ya gyaɗa kai. Ya naɗe jaridar a tsohon kari. Ya ɗauki farantinsa da kansa ya kai kicin, ya rufe taliyar don kada ta bushe, ya juye ragowar zoɓon cikin jug. Nyevu ta shiga gogar tukunyar da ba ta da datti.

Sannan ya kwance agogon, ya tuɓe kwat ɗin, ya rataye su a ƙusarsa, tsakanin rigar mai wanke-wanke da ta maigadi. Tun ranar da Ngumbao ya ɗauke shi aikin zama a taga yana kwaikwayon mai cin abinci don ya jawo Turawa, yau ne karo na farko da ya tashi kafin lokacin tashi.