Talotalo Ba Ya Magana

A Kwalejin Harlan Creek, can tsakiyar gonakin masarar Indiana, doka biyu kowa ya sani game da Talotalo. Wanda ke cikin rigar ba ya magana, kuma ba a sanin ko wane ne sai ranar wasan ƙarshe na gida, lokacin da koci zai cire masa kai a tsakiyar fili. Talotalon nan wata ƙatuwar riga ce ta gashin tsuntsu mai jan leɓe, wadda ɗalibi ɗaya kan shiga yana tsalle-tsalle don zuga 'yan kallo idan samarin kwalejin na ƙwallon kwando.

Koci Dwight Pruitt ya shiga kakar bana hankalinsa a tashe. Shugabar kwalejin, Dakta Marjorie Eckhart, ta kira shi ofis ta faɗa masa ko ɗagowa ba ta yi ba: "Koci, in wasannin da kuka ci ba su fi waɗanda aka cinye ku yawa ba, zan rushe ƙungiyar. Zauren kuma a zuba littattafai." Wannan fa matar da ba a taɓa ganin ƙeyarta a kujerar 'yan kallo ba.

Sai kuma raɗe-raɗi ya bazu cewa yaron da aka zaɓa wa rigar a asirce ya karye a ƙafa. Amma ranar wasan farko sai ga Talotalo ya fito abinsa, illa dai rigar ta ɗan yi masa yawa, jelar tana sharar ƙasa.

Aka lallasa su a ranar, aka sake lallasa su a mako na gaba. Pruitt kuwa mutum ne da magana ba ta kwana a cikinsa. Da aka tafi hutun rabin lokaci ya tarar da Talotalo a bencin lungu yana haki, sai ya zauna kusa da shi.

"Yaro, kai kaɗai ne marar baki a makarantar nan, don haka saurara," in ji shi. "Ka san Tsohuwar Firiji? Buɗe ta ka sha sanyi, rufe ta ka sha gurnani." Ya miƙe ya kwaikwayi tafiyar Dakta Eckhart, haɓa a sama, hannu a baya. Talotalo ya tafa fukafukai har leɓensa na reto.

Tun daga nan abin ya zama masa jiki. Kowane wasa sai ya juye wa Talotalo cikinsa. Ya yi ƙorafin motar ƙungiya da sanyi ke ratsawa, kafin mako ya zagayo an gyara ta. Ya yi ƙorafin ruwan wanka, sai ga ruwan zafi. Pruitt ya ce sa'a ce. Amma makon da ya ce hular Shugaba kamar mushen kyanwa take, aka mayar da wurin ajiye motarsa bayan juji, ya riƙa ratso ƙanƙara har gwiwa. Nan take ya ɗora wa mataimakinsa Lonnie laifi, ya daina amsa gaisuwarsa.

"Akwai munafukin da ke kai rahoto," ya gaya wa Talotalo. Talotalo ya girgiza kai don takaici, ya dafa masa kafaɗa.

Samarin dai suka fara farfaɗowa, kuma rabin aikin na Talotalo ne. Duk sanda alƙalin wasa ya ba abokan hamayya jifa ba mai tare su, sai Talotalo ya tsaya bayan kwando ya yi ta kaɗa jela, ko ya faɗi warwas kamar an yanka shi, har hannun mai jifa ya karkace. Zaure ya koma cika maƙil. Ita kuwa Dakta Eckhart sai ta fara ɗingishi, ofishinta na warin man zafi. Pruitt bai bar wannan ya wuce ba.

"Injin Firiji ya fara tsayawa, yaro," ya ce yana ƙyalƙyala dariya. "Tsufa ba wasa ba."

Ranar wasan ƙarshe, ci da rashi sun yi kunnen doki, wato wannan wasan ne zai yanke hukunci. Ana dab da tashi Harlan Creek na gaba da maki ɗaya tak, sai aka ba gwanin abokan hamayya jifa biyu. Pruitt ya san aikinsa da makomar yaran nan duk suna hannun wannan baƙon.

Talotalo ya fito bayan kwando. Bai kaɗa jela ba. Ya ɗaga haɓa, ya mayar da fukafukai baya, ya soma takun Shugaba, har da sabon ɗingishin, babu inda ya kuskure. Ɗalibai suka ɓarke da dariya, zaure ya ɗauka. Jifa ta farko ta daki ƙarfe, ta biyu ko ƙarfen ba ta taɓa ba.

"Ni na koya masa," Pruitt ya riƙa gaya wa duk wanda ya rungume shi, har da Lonnie.

Lokacin al'adar cire kai ya yi. Pruitt ya ja Talotalo tsakiyar fili, farin ciki ya cika shi, ya raɗa masa: "Ka cece mu, yaro. Da ma Tsohuwar Firiji na nan ta ga abin da ta so kashewa." Ya kama kan da hannu biyu ya ɗaga.

Furfura ce jiƙe da gumi ta fara bayyana, warin man zafi ya buge shi, sannan Dakta Eckhart ta gyara tabarau ta ce, "Tsohuwar Firiji ta gani, Koci, ta kuma ji, ƙungiya ta tsira, kai kuwa ina jiranka a ofis ranar Litinin."